Maganin Kyauta: Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Mai karatu, a 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Amma a gundumomin Magariya da Dungas akwai masu ganin hukuma ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, gara kowane magidanci ya biya wa iyalinsa. Suna da hujja: gidan likita ke fara ba da magani, gwamnati ta biya daga baya, biyan na yin jinkiri, magani sai ya ƙare. Sai dai da damina, sa'ad da rumbu ya ƙare kuma zazzaɓin cizon sauro ya tsananta, talaka ba shi da abin biya. Harajinka na cikin kuɗin wannan kyauta. Saboda haka, halarci taron kwamitin gidan likitarku, ka nemi a karanta lissafi.