Sassumbrum: alƙaluma na tafiya Yamai, amma wa ke dawo da su gari?

A kowace damina, daga watan Yuli zuwa Oktoba, abu biyu ne ke haɗuwa a kan yaran ƙaramar hukumar Sassumbrum da sauran garuruwan gundumomin Magariya da Dungas: rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa. A 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Magariya tun 2005, ta sanar da cewa akwai watan da kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Tambayar da wannan shekara ta bari ita ce: ta yaya za a hango irin wannan hawan tun yana ƙauye, kafin ya cika gadajen asibiti?

Amsar da hukumomi da masu furoje ke bayarwa yanzu ita ce allon bayanai, wanda ma'aikata ke kira tablo de bor da Faransanci. Shafi ne a kwamfuta ko a talho da ke tattara alƙaluma ya mayar da su taswira da launuka: yara nawa aka kwantar a wannan mako, wace cibiyar lafiya maganinta ya kusa ƙarewa, wane famfo ya tsaya, nawa tiyar hatsi a kasuwa. Ma'aikatar lafiya ta Nijar na amfani da manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, don tattara rahotannin cibiyoyin lafiya. A fannin cimaka akwai tsarin gargaɗin gaggawa na SAP, da kwamitocinsa na ƙauyuka da na ƙananan hukumomi. Manyan shirye-shirye irin Girma, wanda ƙungiyar CRS ta fara a 2018 da kuɗin hukumar USAID a ƙananan hukumomi 11 na Magariya da Dungas, su ma dole ne su bi diddigin aikinsu da alƙaluma don ba da rahoto.

Amfanin allon a fili yake. Idan likitan gunduma ya ga zazzaɓi ya ninka a yanki guda cikin mako biyu, zai iya tura magani da ma'aikata can ba tare da jiran rahoton ƙarshen wata ba. Mai kula da furoje zai ga rijiyar da aka biya kuɗinta ba a gama ba. Amma allo ba ya nuna sai abin da aka zuba masa. Ma'aikacin ɗakin shan magani da ya wuni yana duba marasa lafiya shi ne zai cika rajista da dare, sannan a nemi wuta da layin intanet a shigar. Yaron da uwarsa ba ta samu kuɗin kabu-kabu ba bai shiga lissafi ba. Kauyen da babu rahotonsa kan fito fes a taswira, kamar lafiya lau ake.

Matsala ta biyu ita ce alƙiblar bayanan. Daga ƙauye suke hawa zuwa Magariya, Damagaram, Yamai, wani lokaci har ƙasashen masu ba da tallafi. Ba kasafai suke sauko wa hakimi, mai gari ko ƙungiyar mata da siffar da za su yi aiki da ita ba. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa kantomomi, zaman kansiloli da ake tambayar ina aka kwana a kan tsarin raya ƙaramar hukuma ya tsaya, don haka buƙatar a baje alƙaluma a bainar jama'a ta ƙaru. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, alhali waɗannan alluna da Faransanci suke magana.

Ta uku ita ce mallaka. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a watan Janairu na 2025, shafin FEWS NET, wanda ke hasashen yunwa a Sahel tun 1985, ya rufe na tsawon watanni. Darasin bai tsaya a Washington ba: bayanan rijiyoyi, bankunan cimaka da gonakin rani na Sassumbrum, idan a na'urar furoje kawai suke, ranar da furoje ya naɗe tabarma tare za su tafi.

Akwai misalin da ya riga ya yi aiki a jihar Damagaram. Igiyar awon damtse da aka koya wa iyaye mata, mai launin kore, rawaya da ja, ita ma allo ce: idan ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, uwa ta san yau za ta kai yaro asibiti. Mai awon ita ce mai yanke shawara. Allon da Sassumbrum ke buƙata ke nan: alƙaluma kaɗan, da Hausa, a manne a ofishin magajin gari da cibiyar lafiya, ana karanta su a rediyon gari kowane wata, kuma kowane ja na da sunan wanda zai tashi a kansa kafin Yuli ya kama.