Kafin A Taɓa Farashi, A Duba Jadawali

Jama'a, masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka farashin kaya yake, ba ya tashi sai da dalili, kuma ba ya tashi shi kaɗai.

Wani masani, Wassily Leontief, wanda ya tashi a Rasha ya yi aikinsa a Amurka, ya tsara jadawalin da ke nuna wannan. Ya jera sana'o'in ƙasa, watau noma da sufuri da masaƙu da sauransu, ya rubuta abin da kowacce ke saye daga 'yar'uwarta da abin da take sayar mata. In farashin abu guda ya motsa, sai a lissafa inda zafin zai bi. Aikin nan ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1973.

To, mu duba gida. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai N200 ba ta koma wajen N500. Direba ya ƙara kuɗin mota, mai injin niƙa ya ƙara nasa, manomin rani mai injin ban ruwa ya ɗora a kan tumatir, uwargida ta biya duka a kasuwa.

Jadawali ba ya hana gwamnati yanke shawara, amma yana nuna mata wanda zai fi jin jiki, domin a tanadar masa sauƙi tun da wuri. Sai dai lalle a shigar da 'yan tireda da ƙananan manoma cikin lissafin, gama su ne mafi yawanmu. Rigakafi dai ya fi magani.