Haɗin Gwiwar Doki Da Mahayi

A duk taron masana kan cututtuka masu yaɗuwa, ba kalmar da ta fi yawo a bakin manyan baƙi kamar "haɗin gwiwa". To, ai doki da mahayinsa ma tafiya ɗaya suke yi, amma kowa ya san wanda linzami yake bakinsa.

A 1996 sanƙarau ya auka wa Arewacin Nijeriya, ya hallaka dubban mutane. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ya ɗebi yara wajen 200. Rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce ya nemi yardar iyaye da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwai, sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Shekara 13!

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, masu ƙin sa ba su rasa abin kafa hujja ba, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cutar ta yi ta bazuwa har Indonesiya.

Masu cewa a kori baƙi ɗungurungum kuwa, su ma sun kauce hanya. Rigakafin MenAfriVac da aka soma a Burkina Faso a 2010 da hannun baƙi aka yi shi, amma jami'an lafiya na Afirka ne suka nace kada farashinsa ya wuce rabin dala. A Indiya aka sarrafa shi, aka gwada shi a Mali da Gambiya, ga shi sanƙarau nau'in A ya kusa zama tarihi.

Takaicina yana kanmu ne, mu na jami'a. A kawo wa malami takarda ya sa hannu, ya tara jinin talakawa a tafi da shi Turai, ladansa tikitin taro da sunansa na bakwai a maƙala. Bai tambayi inda za a ajiye jinin ba, bai tambayi wanda zai mallaki sakamakon ba, balle ya tsaya ya ga an yi wa uwar yaro bayani da Hausa kafin ta dangwala yatsa.