Sharhi: Tsadar fili da lampon gida a Maraɗi, wa ke biya, wa ke kwana da riba?

A makon jiya, cikin shirin safe da nake gabatarwa a gidan rediyo, wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya a babbar kasuwa ta bugo waya. Ta ce shekara shida ke nan tana zubin adashi don ta sayi fili ta kafa ko ɗaki biyu ne ita da marayunta, amma duk sa'ar da ta kwashi adashi ta je wurin dillali, sai ta tarar kuɗin fili ya riga ta yin gaba. Ga shi kuma mai gidan da take haya ya ƙara mata kuɗi a wannan wata, ya ce lampo ne ya hau kansa. Sai ta ce mini: "Ɗana, ku da ke karanta takardun gwamnati, gaya mini gaskiya, lampon nan nawa ne?" Lokacin shiri bai ishe ni in ba ta amsa ba. Shi ya sa na kawo maganar a wannan shafi, don tambayar Inna ta shafi duk mai rumfa da duk mai faifai a kasuwa.

Gari ya cika ya batse

Dattawa sun ba mu labarin ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta cinye tsohon gari, har Turawan mulki suka maido da mutane bisa tudu suka yanka musu filaye. A lokacin wuri ya wadata. Yau fa? Ƙidayar 2001 ta sami mutum wajen 148,000 a birnin Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da 267,000. Cikin shekara 11 gari ya kusa ninka kansa, alhali ƙasa ba ta haihuwa. Tun daga nan kuma ba a daina zuwa ba. Jami'ar da aka kafa a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta kawo malamai da ɗalibai masu neman wurin kwana. Ayyukan Maraɗi Kwalliya na bikin 18 ga Disamban 2015 sun shimfiɗa kwalta, kuma duk inda kwalta ta bi, kuɗin fili sai ya tashi tsaye. Daga 2019 ta'asar ƴan bindiga ta koro dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jahar Maraɗi, ta kuma sa masu ɗan hali na ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji neman mafaka cikin gari.

A tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Limanci, gida ba ya fitowa kasuwa sai in rabon gado ya gagara. Masu kuɗi sun cika Ali Ɗan Tsoho da Zariya. Talaka kuwa sai ya nausa bayan gari. Ta yamma Gulbi ya tare hanya, don haka gari ke tafiya ta arewa wajen Tibiri, da ta kudu da gabas cikin gonakin Jiratawa. Gonar da ake noma gero bara, bana an kafa mata duwatsun lotisma.

Fili ya zama banki

Yawan jama'a kaɗai bai isa ya kai tsada inda ta kai ba. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin sauran dalilin. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanyar Ɗan Isa da Jibiya har zuwa Maris na 2024. A tsakani kuma naira ta faɗi warwas. Wanda ya kwana da naira ya tashi da asara, wanda ya tara kaya a sito ya rasa hanyar fitar da su. Sai mai kuɗi ya duba ya ga fili ba ya ruɓewa, ba ya cin dusa, ɓarawo ba ya ɗaukarsa, kuma babu shakkar riba irin ta banki a cikinsa. Haka mutum ɗaya zai sayi fili goma ko ashirin, ba don ya gina ba, don ya ajiye. Aikin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya ƙara wa masu wannan lissafi ƙwarin gwiwa.

Ita ma hukuma da hannunta a ciki. Shekara da shekaru ma'aikatun magajin gari a ƙasar nan sun mai da yankan fili hanyar cike gurbin kasafi. A farkon shekarun 2000 gwamnati da kanta ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye, da yawansu kuma suka sayar wa masu kuɗi a wulaƙance saboda matsi. Fili ya tashi daga wurin kafa iyali ya koma haja.

Bayan fili sai gini. Simintinmu daga Malbaza yake zuwa ko daga Najeriya, ƙarfe da kwano kuwa duk na waje ne, saboda haka kowace rufe iyaka a kan mai gini take ƙarewa. Ruwan da aka sheƙa ranar 30 ga Agustan 2024, wanda ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 15 a birnin nan, ya rusa gidajen laka masu yawa, ya jefa iyalai cikin neman haya rana ɗaya. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti da wajen kashi 35 cikin ɗari. Mataki ne mai kyau, amma ragin siminti ba ya amfanar wanda bai da inda zai aza bulo.

To, lampon fa nawa ne?

A nan sai mu rarrabe, don kalmar lampo ta haɗe abubuwa da yawa a bakinmu. Akwai tikitin kasuwa da ake yanka muku. Akwai fatanti na sana'a. Akwai kuɗin kai da komin ke karɓa. Duk waɗannan ba su ne harajin gida ba. Harajin gida ma'aikatar haraji ta ƙasa, wato DGI, ke karɓarsa, sannan a mayar wa komin wani kaso.

Kundin haraji na 2012, tare da gyaran da dokar kasafin 2018 ta yi masa, ya aza tsarin kamar haka. Gidan da mutum ke zaune a ciki da iyalinsa an yafe masa. Gidan da aka ba da haya don zama, ana karɓar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara. Wanda aka ba da haya don sana'a, kamar kanti ko sito, kashi 12. Dokar ta 2018 ita ce kuma ta kawo harajin zama a gida, wanda aka liƙa a takardar wutar NIGELEC, mai gida da ɗan haya duk ɗaya, in dai da mita. Kuna tune da zanga-zangar da ƙungiyoyin farar hula suka yi a kan wannan doka, har aka kama su Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika a Yamai a watan Maris na 2018. A Yulin 2025 an sa hannu a sabon kundin haraji, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Duk mai gidan haya ya kamata ya taka zuwa ofishin haraji a lissafa masa abin da ke kansa a ƙarƙashin sabon kundin, ya karɓi takarda, kada ya tsaya ga maganar bakin titi.

Bari mu yi lissafin kasuwa da kason nan na 10. Mu ɗauka gida ana hayarsa jikka 50 a wata. A shekara jikka 600 ke nan. Lamponsa jikka 60 a shekara, wato jikka 5 a wata. In mai gida ya zo ya ƙara jikka 15 a wata da sunan lampo, ko an lissafa da sabuwar hayar, lampon gaba ɗaya bai kai rabin ƙarin ba. Sauran tsadar gari ce ya saka wa rigar gwamnati. Kuma doka a kan mai gida ta aza wannan haraji, ba a kan ɗan haya ba. Sai dai inda masu neman ɗaki suka fi ɗakuna yawa, mai gida ke da wuƙa da nama, duk abin da aka aza masa sai ya sauke a kan na ƙasa. Amsar tambayar Inna ke nan: akwai lampo, amma ba shi kaɗai ya ƙara mata haya ba.

Wanda ba a taɓawa

Ga inda gizo ke saƙa. Harajin da ke bin kuɗin haya yana kama wanda ya gina ya sa mutane a ciki. Wanda ya sayi fili ashirin ya kewaye su da katanga ya bar wa ciyawa da macizai, ba ya karɓar haya, saboda haka wannan haraji ba ya iso gare shi. Yana kwance darajar filayensa na hawa, da kwaltar da aka yi da kuɗin kowa, da wuta da famfon da aka ja da kuɗin kowa. Ita kuwa mai sayar da tumatir kullum ta fito sai an yanka mata tikiti, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba. In an auna da abin da kowa ya mallaka, wa ya fi biya?

Wannan tsari yana cutar gari ta hanya biyu. Na farko, filayen da ke kusa suna zaune babu gini, talaka na tafiya nesa inda babu ruwa babu lakwal, yana ƙarar da ribarsa a kuɗin kabu-kabu. Na biyu, komin da ta saba rayuwa da sayar da fili tamkar magajin da ke sayar da gonar gado ne yana cin tuwo. Ran da gona ta ƙare fa? Birnin Maraɗi ya kusa cinye ƙasarsa, abin da ya rage na maƙwabta ne. Manomin Tibiri ko na Jiratawa da ya sayar da gona ya sayi babur, bayan shekara biyu ba gona ba babur. Fadamar Jiratawa mai wajen hekta 500, wadda ke ciyar da kasuwanninmu da zogale da tattasai da sauran kayan lambu, in gine-gine suka matse ta, ku mata masu kayan miya ku za ku fara ji a jikinku.

Kafin ki ba da kuɗinki

Iyayenmu mata, kada araha ta sa ku yi cinikin biri a sama. Takardun fili hawa-hawa ne. Takardar sayarwa ta mai gari ko mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta hana a yanka hanya ta bi ta tsakiyar filin. Akt-da-sesiyon, wadda ake bayarwa bayan lotisma, ta fi ta ƙarfi, amma da sharaɗin a raya wurin. Wadda ta fi duka ita ce titir fonsiye, kuma tun 2006 aka kawo mai sauƙin kuɗi da ake kira Sheda. Ita ce banki ya fi amincewa da ita in ana neman jari.

Ki tambaya a ƙasar wace komin filin yake, don fili da yawa da dillalai ke kira na Maraɗi, a littafin Jiratawa ko na Tibiri suke. Ki je ma'aikatar magajin garin da kanki, a buɗe littafi a duba lambar fili da sunan mai shi, don fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne a kotunanmu. In gona ce, dokar karkara ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye da ake kira Kofo, a bi ta wurinsu, kuma a tabbata duk magada sun yarda, har da mata. Ki je ki ga wurin da damina, ki tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi. In kuɗinki ne, sunanki za a rubuta, ba na miji ba, ba na ƙane ba. Zumunci daban, takarda daban.

Kira ga hukuma

Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun da jama'a suka zaɓa, aka damƙa komin-komin a hannun kantomomi, nauyin bayani ya ƙaru a kansu. Muna roƙon abu huɗu. A fassara ƙa'idojin harajin gida da Hausa, boko da ajami, a liƙa a ƙofofin kasuwa, a karanta a rediyo. A ƙidaya gidaje da filaye unguwa-unguwa, don a san mai ɗaya da mai ashirin. A aza wani abu a kan filayen da aka tara aka ƙi ginawa, a ƙyale mai fili guda da ke tara kuɗin bulo. Sannan a riƙa faɗa wa jama'a kowace shekara nawa aka karɓa, kuma wace magudanar ruwa aka gina da shi. Ba wanda ke murnar biyan lampo, amma ɗan kasuwa ba ya ƙin biyan abin da ya ga amfaninsa.

Haka nan Maraɗi da Tibiri da Jiratawa su zauna tare da Sarkin Katsina da Sarkin Gobir da sauran sarakuna, su shata inda gini zai tsaya, kafin dillalai su shata musu. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi su ma kada su yi shiru, don da bakinsu aka fi jin magana a garin nan.

Inna ta ce za ta ci gaba da zubi. Allah Ya cika mata burinta, Ya rufa mana asiri baki ɗaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.