Tara tambayoyi ba ya ɗaga makin GMAT

Duk matashin da makinsa na GMAT ya maƙale, ya zauna sau biyu ko uku yana dawowa da 575 ko 585, shawara ɗaya yake ji daga masu darasin kuɗi da abokan aiki: ƙara ƙaimi, sayi wani littafin, yi tambayoyi ɗari a rana, rubuta jarrabawar gwaji kowace Asabar. Ban yarda da wannan shawara ba. Ita ce ke cinye wa yaranmu kuɗi da watanni, ta bar su suna zargin ƙwaƙwalwarsu.

Na san inda ta samo asali. Mu da muka taso da WAEC da JAMB mun saba da tsofaffin tambayoyi: a haddace su, a shiga ɗakin jarrabawa, a tarar da danginsu suna jira. Dabarar ta yi mana rana, shi ya sa muke jan ta har zuwa jarrabawar da makarantun kasuwanci irin su Wharton a Amurka da INSEAD a Faransa suke dubawa kafin su ba mutum gurbin MBA. To amma GMAT gininta daban ne. Kwamfuta ce ke zaɓo maka tambaya bisa amsoshin da ka bayar: in ka ci ta tsananta, in ka faɗi ta sassauta. A haka take kai ka iyakar iyawarka ta tsayar da kai. Wanda ya yi tambayoyi dubu da tunani iri ɗaya, iyakarsa tana nan inda ya bar ta. Ɗora buhu kan sikeli sau goma ba ya ƙara masa tiya guda, kuma abin da jarrabawar gwajin kowane mako take yi ke nan.

Abin da ya fi ba ni takaici, da yawa ma ba jarrabawar yau suke wa shiri ba. Tun Nuwamban 2023 hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta fito da sabon tsari, tsohon kuma ya ƙare a Janairun 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da hujja 23, nazarin bayanai 20. An cire rubuta maƙala da gyaran nahawun jimla, amma har yau akwai masu kwana kan littattafan da aka buga kafin canjin. Makin ma yanzu yana tsakanin 205 da 805, kuma a ma'aunin GMAC, 645 na yanzu daidai yake da 700 na da. Wani yana kuka ya tsaya cak, alhali ya riga ya isa.

Wanda kuwa ya maƙale da gaske, ya rage tambayoyi ya ƙara bincike. Ya buɗe littafin kurakurai. Duk tambayar da ya faɗi, da wadda ya ci da canki-in-canka, ya rubuta dalili da hannunsa: darasin ne bai sani ba, ko bai karanta abin da aka tambaya da kyau ba, ko agogo ne ya kore shi? Tambaya goma da aka feɗe haka, ko da za su ci sa'a biyu, sun fi ɗari da aka bi a guje. Bayan mako uku mutum zai ga cewa kurakuransa ba su da yawa, biyu ko uku ne suke sauya riga. Wani kullum ya mance cewa lamba tana iya zama ƙasa da sifili. Wani a sashen hujja yana zaɓar amsar da ta yi daidai da abin da ya sani a rayuwa, alhali abin da sakin layin ya faɗa kawai ake so. Mu da Turanci yake harshenmu na biyu ko na uku, wannan wurin ya fi kama mu, kuma hadda ba ta warkar da shi, sai karatun rubutu mai nauyi kullum, kana tambayar kanka mene ne da'awar marubucin, kan me ya dogara.

Sai girman kai. Kusan minti biyu ke gare ka a kowace tambaya, kuma barin tambayoyi ba amsa a ƙarshe yana rage maki sosai. Ɗan injiniya da ya saba zama na ɗaya a aji zai ƙi sakin tambayar lissafi, ya kashe mata minti shida, sannan ya yi asarar uku masu sauƙi a baya. Sabon tsarin ya ba shi damar komawa ya canza amsa har uku a kowane sashe. Ya zaɓi amsa ɗaya, ya yi wa tambayar alama, ya wuce.

Masu kare gwaji za su ce yana koyar da juriya da sarrafa lokaci. Gaskiya ne, shi ya sa ɗaya a mako uku ya isa, muddin za a shafe kwana biyu ana bin diddiginsa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a tura yaro ya sake biyan kuɗin jarrabawa da dala da zarar kwana 16 na jira tsakanin zama da zama sun cika, yana ƙona damarsa biyar na shekara, ba tare da an tambaye shi ko sau ɗaya me ya sa ya faɗi tambayoyin jiya ba.