Mai Wa'azi Ba Ya Yin Shiru A Kan Yunwa Da Rikici



A makon jiya gardama ta tashi a ajinmu. Wasu suka ce limami ya tsaya a masallaci, fasto ya tsaya a coci, ba ruwansu da zancen talauci ko zaɓe. Mu dai ba mu yarda da haka ba, kuma ga dalilanmu.

Na farko, labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan addininsa. Fasto Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Ashafa kuma ya rasa malaminsa da wasu 'yan uwansa. Da sun so, da sun ci gaba da gaba har mutuwa. Amma sai suka yafe wa juna, suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista a 1995. Bayan kashe-kashen Yelwa da Shendam a Jihar Filato a 2004, su ne suka taimaka aka yi sulhu a 2005. Da sun ce aikinsu wa'azi ne kawai, wa zai shiga tsakani?

Na biyu, zaɓen 2015. Mutane da yawa sun ji tsoron za a zubar da jini. Bishop Matthew Kukah na cocin Katolika a Sakkwato yana cikin waɗanda suka haɗa kwamitin zaman lafiya na ƙasa, wanda Janar Abdulsalami Abubakar ya shugabanta, kuma Sarkin Musulmi yana ciki. Jonathan da Buhari suka sa hannu cewa ba za su tayar da hankali ba. Tun kafin a gama bayyana sakamako, Jonathan ya buga waya ya taya Buhari murna.

Wani abokinmu ya ce, ai duk taimakon da coci ke yi, so take ta sauya wa mutane addini. Mun amsa masa cewa Imam Ashafa ya shekara da shekaru yana aiki da fasto, har yau yana nan da Musuluncinsa. Abin da ba mu so shi ne malami ko fasto ya hau mumbari yana tallar ɗan takara don an ba shi kuɗi. Amma in ya ce wa gwamnati taki ya yi tsada, ko asibiti babu magani, wannan gaskiya ce, ko daga bakin wa ta fito. Idan ambaliya ta ci gonaki a Gwaram ko Birnin Kudu, ruwa ba ya tambayar addinin mai gona.

To mu nan Unguwar Ya me za mu yi? Ana turo mana 'yan bautar ƙasa daga kudu, wasunsu Kiristoci ne. Sun bar iyayensu sun zo koya mana lissafi da Turanci, amma wasu daga cikinmu suna kiran su da sunan banza a bayan idonsu. Wannan abin kunya ne, mu daina.

Muna kuma roƙon shugaban makaranta ya ba mu izinin ajiye kwali a ofis, kowa ya riƙa saka biro ko littafin rubutu domin marayun da ke cikinmu. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma mai jin yunwa da wuya ya zauna lafiya.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Daga 'yan ƙungiyar jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare