Tsakanin Tattali da Rowa

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati ba su manta da shekarar 1975 ba, watau lokacin da aka biya ƙarin albashin Udoji, aka haɗa musu da bashin watannin baya a dunƙule. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani kuwa ya ƙara aure. Kafin shekarar ta ƙare tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100, aka wayi gari aljihu wayam, ga babur jingine a zaure babu kuɗin gyara.

Tun daga nan ake yi wa mai albashi wa'azin tattali, kuma wa'azin yana kan hanya. Amma akwai mutumin da ba a cika tanka masa ba, shi ne wanda ya mai da tattali rowa. Miyar gidansa kullum lami, nama sai ran Salla, 'ya'yansa na leƙen tukunyar maƙwabta, shi kuwa yana tusa takardun Naira a ƙarƙashin katifa yana ganin ya yi dabara. To, ina dabarar? A watan Afrilu na 1984 gwamnati ta canja launin kuɗi, ta ba da 'yan kwanaki kawai a musanya. A farkon 2023 ma an sake ganin masu ajiyar ɗaki suna kwana a layin banki. Ko ba a canja kuɗi ba, tsada tana cin ajiya kamar yadda gara ke cin itace. Iyali sun sha wuya, kuɗin kuma ya zube.

Magidanci mai hankali yakan raba albashinsa ran da ya karɓa. Ya fitar da na haya da na makaranta, ya zuba adashi, da kaka ya sayi hatsi tun yana da araha. Sa'an nan ya ware wani ɗan kaso ya ce wannan na jin daɗi ne: tsire ran Juma'a, ko atamfa ga uwargida ba sai an jira Salla ba. In kason ya ƙare, shi ke nan sai wani watan, ba a cin bashi dominsa.

Gaskiya ne, mai karɓar Naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, kasonsa ba zai kai atamfa ba. Watakila iyakarsa rake da ƙosai ga yara ran albashi, kuma yaran sukan riƙe wannan rana a ka fiye da ubansu.